Gargaɗin da Aka Binne a Ƙasan Falle: Tarihin Majigi da Faɗuwar Kumbon Columbia

Ranar 16 ga Janairu, 2003, kumbon Columbia ya tashi daga Cibiyar Kennedy da ke jihar Fulorida ta Amurka, ɗauke da 'yan sama jannati bakwai. Daƙiƙa 82 da tashinsa, wani yanki na soso mai tauri, irin wanda ake lulluɓe ƙaton tankin mai da shi don kada ƙanƙara ta taru a jikinsa, ya ɓalle ya bugi gaban fiffiken hagu. Nauyin soson bai kai kilo ɗaya ba, amma gudun da ya zo da shi ya haura kilomita 800 a awa. Babu wanda ya lura a lokacin. Sai washegari, da masu duba hotunan tashin suka zauna kan aikinsu, suka ga wani farin abu ya faɗa wa fiffike ya tarwatse kamar ƙura. Hoton dishi-dishi ne, bai nuna inda abin ya buga sosai ba, balle irin ɓarnar da ya yi.

Tambaya ɗaya ce ta taso, kuma rayuka bakwai na rataye da ita: shin fiffiken ya huje? Idan ya huje, to ranar dawowa, lokacin da kumbon zai kutsa cikin iskar duniya gaban fukafukansa su ɗauki zafin da ya haura digiri 1,500, wuta za ta sami ƙofar shiga. Tafiyar ta kwana 16 ce, saboda haka akwai ɗan lokacin bincike. Injiniyoyi ne ke da ilimin amsa tambayar, manajoji ne ke da ikon yanke hukunci, kuma hanyar da ilimin zai bi ya isa ga masu iko ita ce ta fallayen majigi da ake haskawa a bango. A wannan hanyar gargaɗin ya ɓace. Kafin a fahimci yadda ya ɓace, sai an koma baya an ga yadda majigi ya zama harshen ofis.

Daga fitila zuwa kwamfuta

Kalmar majigi kanta tana ɗauke da tarihi. Asalinta sunan da Turawa suka ba wata na'ura da ta bayyana a Turai wajen shekarar 1659, wadda ake dangantawa da masanin kimiyyar nan na Holan, Christiaan Huygens. Fitilar siddabaru suke ce mata. Ana zana hoto a kan gilashi, a sa fitila a bayansa, sai hoton ya fito a bango da girma. A ƙarni na 19 malaman jami'o'i da masu yawon buɗe ido da 'yan mishan sun riƙe ta a matsayin abokiyar lacca. Daga kalmar Ingilishi ta siddabarun Hausawa suka samo majigi, kuma sunan ya bi motocin silima na gwamnatin mulkin mallaka da suka riƙa zagaya garuruwan Arewacin Nijeriya suna nuna finafinan tsafta da noma da tarbiyyar ɗan ƙasa, galibi a ƙofar fada bayan faɗuwar rana.

Akwai wani tsari a majigin wancan zamani da ya kamata a lura da shi. Hoto ke kan farin ƙyalle, magana kuma tana bakin mutum. Mai sharhi yana tsaye da lasifika yana fassara abin da ake gani da Hausa, yana duban jama'a, yana gane inda suka ruɗe ya maimaita. An raba aiki tsakanin ido da kunne, kowanne da rabonsa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wata na'urar ta daban ta cika ajujuwa da ɗakunan taron Amurka, wadda ake ɗora wa falle mai kama da leda, a yi rubutu a kansa, haske ya jefa rubutun a allo. Da ita rubutu ya hau bango. A manyan kamfanoni irin su IBM, zuwa taro ba tare da tarin waɗannan fallaye ba ya zama kamar zuwa gona ba fartanya. Lou Gerstner, wanda ya karɓi shugabancin IBM a 1993 lokacin da kamfanin ke tafka asara, ya ba da labarin yadda a ɗaya daga tarukansa na farko ya tashi ya kashe na'urar yayin da wani babban jami'i ke kan falle na biyu, ya roƙe shi su tattauna halin da sashensa ke ciki baki da baki. Labarin ya karaɗe kamfanin nan da nan, abin da ke nuna yadda ɗabi'ar ta riga ta kafu.

A wani ƙaramin kamfani mai suna Forethought da ke Kalifoniya, Robert Gaskins da Dennis Austin suka ƙera manhajar da za ta sauƙaƙa shirya waɗannan fallaye. Ta fito a watan Afrilun 1987 da sunan PowerPoint, tana aiki a kwamfutar Macintosh, baƙi da fari kawai, kuma amfaninta shi ne a buga fallen a ɗora a na'ura. Cikin 'yan watanni Microsoft ya saye kamfanin kan dala miliyan 14. A 1990 manhajar ta shiga Windows, daga baya kuma aka sami na'urorin da ke haska allon kwamfuta kai tsaye a bango. Kafin ƙarshen shekarun 1990 ta mamaye ofisoshin gwamnati da barikokin soja da jami'o'i.

Manhajar ta zo da tsarinta na asali: kanun magana a sama da manyan baƙaƙe, sai jerin gajerun layuka kowanne da ɗigo a gabansa, ƙarƙashin kowane layi kuma ana iya saka wasu ƙanana, ƙarƙashinsu wasu da suka fi su ƙanƙanta. An tsara shi ne don mai talla da ke son tuna wa kansa abin da zai faɗa. Illarsa ita ce jerin ɗigo ba ya buƙatar kalmomin da ke ɗaure hujja: saboda, amma, sai dai idan, don haka. Mutum na iya jera gaskiya biyar ba tare da ya faɗi yadda ɗaya ta shafi ɗaya ba. Sannu a hankali, a wurare da dama, fallayen suka maye gurbin rahoton da ake rubutawa da cikakkun jimloli. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana cikin waɗannan wurare.

Fallen da ya faɗi gaskiya a ɓoye

Da aka gano bugun soson, an kafa ayarin injiniyoyi daga NASA da kamfanonin da ke mata aiki, ciki har da Boeing, don su auna ɓarnar. Abin da suka fi buƙata shi ne hoto mai kyau na fiffiken, wanda taurarin ɗan'adam na rundunar sojan Amurka za su iya ɗauka. Sau uku aka nemi hakan ta hanyoyi daban-daban, amma shugabannin tafiyar, ƙarƙashin Linda Ham, suka dakatar da buƙatar, domin ba a nuna musu cewa dole ce ba. Wani babban injiniya, Rodney Rocha, ya rubuta wasiƙar imel mai zafi yana cewa kuskure ne a ƙi neman hoton. Ya nuna wa abokan aikinsa, amma bai aika wa shugabanni ba.

Da babu hoto, sai aka koma ga lissafi. Injiniyoyin Boeing suka yi amfani da wata manhaja mai suna Crater, wadda ke hasashen zurfin ramin da abu zai yi idan ya bugi tayil ɗin da ke kare cikin kumbon daga zafi. Manhajar ta ce ramin zai yi zurfi ƙwarai. Injiniyoyin suka sassauta wannan sakamako bisa hujjar cewa an san Crater da zuzuta ɓarna. Suka shirya rahotanni uku, jimillar fallaye 28, kuma ranar 24 ga Janairu aka gabatar da sakamakon a ɗakin da ya cika maƙil.

Falle ɗaya daga ciki ya shiga tarihi. Kanunsa, da manyan baƙaƙe, yana nuna cewa bitar sakamakon gwaje-gwaje ta nuna akwai taka-tsantsan a hasashen hujewar tayil. Duk wanda ya karanta wannan layin kaɗai zai ji hankalinsa ya kwanta. A ƙarƙashinsa akwai layuka da aka jera hawa-hawa har mataki shida, kowane mataki baƙaƙensa sun fi na samansa ƙanƙanta. Can ƙasa, a layuka biyu na ƙarshe, aka rubuta cewa abin da ya faru a wannan tashin ya fita nesa daga iyakar gwaje-gwajen da aka taɓa yi. Gutsattsarin soson da aka gwada manhajar da su girmansu kamar na ƙwan kaza ne. Wanda ya bugi Columbia kuwa, bisa ƙiyasin da ke kan fallen, ya fi jarka mai lita 25 girma. Ya ninka su sau 640.

Ma'anar waɗannan layuka biyu ita ce babu wanda ya san abin da soson ya yi wa fiffike, domin ma'aunin da aka yi amfani da shi ba a yi shi don abu mai wannan girma ba. Wannan shi ne saƙon da ya kamata ya hau kanu. Edward Tufte, tsohon farfesa a Jami'ar Yale kuma masanin yadda ake nuna bayanai, ya warware fallen layi-layi daga baya. Ya ƙirga cewa wata kalmar Ingilishi guda mai nufin "mai yawa" ko "mai muhimmanci" ta fito sau biyar, wani wuri tana nufin ɗan abin da ido zai iya gani, wani wuri tana nufin ɓarnar da za ta kashe kowa, wani wuri kuma tana nufin ninki 640. Ya nuna cewa ma'auni guda an rubuta shi ta hanyoyi uku a shafi ɗaya, kuma wani wakilin suna da ke tsakiyar shafin, wanda ba a bayyana abin da yake nufi ba, a zahiri yana tsaye ne a madadin hujewar fiffike.

Daga wannan ɗaki aka kai wa kwamitin shugabannin tafiyar taƙaitaccen bayani da baki. A kowane hawa shakkun injiniyoyi na raguwa, har abin da ya isa sama ya zama cewa babu haɗari ga tafiya, sai dai gyaran da za a yi bayan sauka. An ma riga an aika wa matuƙan kumbon saƙo cewa an ga bugun soso, amma ba abin damuwa ba ne.

Da safiyar 1 ga Fabrairu, saura kimanin minti 16 a sauka, Columbia ya tarwatse a samaniyar jihar Tekzas. Rick Husband, William McCool, Michael Anderson, David Brown, Kalpana Chawla, Laurel Clark da Ilan Ramon duk suka mutu.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari

Kwamitin binciken da Admiral Harold Gehman ya jagoranta ya fitar da rahotonsa a watan Agustan 2003. Ya ɗauki nazarin Tufte ya saka a ciki, ya ce abu ne mai sauƙi babban manaja ya karanta wannan falle bai gane cewa batun rai da mutuwa ake yi ba. Ya kuma nuna mamakin yadda jami'an NASA suka riƙa miƙo wa masu binciken kansu fallayen majigi a madadin rahotannin fasaha, ya ɗauki hakan a matsayin alamar cutar da ta kama hanyar isar da bayani a hukumar.

Sai dai rahoton bai ɗora laifin duka a kan manhaja ba, kuma adalci ne a bi shi a haka. Soso ya sha ɓallewa a tafiye-tafiyen baya, har da na kumbon Atlantis a watan Oktoban 2002, kuma kowane lokaci ana dawowa lafiya. Sabo ya mayar da abin tsoro abin yau da kullum. Akwai kuma matsin jadawalin gina tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wanda ya sa shugabanni ke ƙyamar duk abin da zai jawo jinkiri. Masu sauraro sun shigo ɗakin da amsar da suke so su ji, fallen kuma ya miƙa musu ita a kanu. Haka nan an juya nauyin hujja: maimakon a ce sai an tabbatar kumbon lafiya yake, sai aka nemi injiniyoyi su tabbatar da cewa ya lalace, alhali an hana su hoton da zai tabbatar.

Tarihin hukumar ma yana nuna cewa matsalar ta girmi PowerPoint. Daren 27 ga Janairu, 1986, jajibirin tashin kumbon Challenger, injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, cikinsu har da Roger Boisjoly, sun ba da shawarar kada a tashi saboda sanyi. Tsoronsu shi ne zoben roba da ke toshe mahaɗar rokoki zai sandare ya bar wuta ta fita. Sun aika takardu 13 ta fakis, wasu da rubutun hannu. Babu ko ɗaya da ta jera dukkan tafiye-tafiye 24 na baya ta nuna zafin ranar kowace tafiya kusa da irin lalacewar da zoben ya yi, wanda shi ne hoton da zai nuna alaƙar a fili. Jami'an NASA suka ƙalubalanci hujjar, manajojin kamfanin suka keɓe suka janye shawarar injiniyoyinsu. Washegari Challenger ya fashe daƙiƙa 73 bayan tashi, mutum bakwai suka mutu, ciki har da malamar makaranta Christa McAuliffe.

Makonni biyu bayan haka, ranar 11 ga Fabrairu, aka ga wani irin bayani na daban. Richard Feynman, masanin kimiyyar da ya ci kyautar Nobel a 1965, yana cikin kwamitin binciken hatsarin. A zaman da ake nunawa a talabijin, ya ɗauki guntun robar zoben, ya matse shi da ɗan ƙarfen matsi da ya sayo a shagon kayan aiki, ya tsoma a kofin ruwan ƙanƙara. Da ya fito da shi ya saki matsin, robar ba ta koma yadda take nan take ba. Ya faɗi abin da hakan ke nufi cikin jimloli kaɗan ya yi shiru. Ba shi ya gano matsalar ba, injiniyoyi sun daɗe da saninta, kuma wasu ne suka yi masa hannunka-mai-sanda. Abin da ya yi shi ne ya zaɓi batu guda, ya sa shi a gaban ido ta yadda sanata da direban tasi za su fahimta lokaci ɗaya. Gani ya kori ji.

Abin da ya biyo baya

Bayan Columbia an sami masu juya wa fallaye baya. A 2004 Jeff Bezos ya hana amfani da PowerPoint a tarukan manyan shugabannin Amazon. A madadinsa mai gabatarwa yana rubuta takarda da cikakkun jimloli, wadda daga baya aka tsayar da tsawonta a shafi shida, kuma ana buɗe taro da kowa ya zauna shiru ya karanta ta kafin a fara magana. Hujjarsa ita ce rubuta jimla cikakkiya yana tilasta wa mutum ya san abin da ya fi wani muhimmanci da yadda abubuwa suka danganci juna. A rundunar sojan Amurka, H. R. McMaster ya hana fallaye a hedikwatarsa lokacin yaƙin Tal Afar na Iraƙi a 2005, Janar James Mattis kuma ya ce a 2010 manhajar tana dakushe tunanin hafsoshi.

Wasu masana isar da saƙo, irin su Jean-luc Doumont, sun mayar wa Tufte martani cewa ya haɗa abu biyu: fallen da aka yi don ya raka mai magana, da takardar da aka yi don a karanta. A ganinsu kuskuren NASA shi ne ɗora wa abu guda aikin biyu, ya kasa yin ko ɗaya. Wannan gyara yana da ƙarfi, domin babu abin da ya hana injiniyoyin Boeing rubuta a saman fallensu cewa soson ya ninka na gwaji sau 640, ba a san ɓarnar da ya yi ba, ana buƙatar hoto yau. Manhajar za ta karɓi wannan jimla kamar yadda ta karɓi waccan.

Daga ɓangarorin biyu darasi guda ke fitowa, kuma ya shafi duk wanda ke tsayawa gaban kwamiti, ko likita ne mai bayanin ɓarkewar cuta, ko injiniya mai rahoton tsagewar madatsar ruwa, ko akanta mai nuna giɓin kasafi, a Kano ne ko Abuja ko Yamai, inda majigi ya zama kayan aikin kowane taron bita. Mai sauraro yana da ɗan lokaci da ɗan haƙuri, kuma abin da aka sa a sama da manyan baƙaƙe shi zai tafi da shi gida. Don haka kanu wurin hukunci ne, wurin abin da mai magana zai faɗa da an ba shi daƙiƙa goma kacal. Rashin sani ma sakamako ne da ya cancanci kanu, domin shugaban da aka gaya wa a fili cewa ba a sani ba zai iya ba da umarnin a bincika, wanda aka lulluɓe wa kuwa zai ɗauka an sani. Adadi yana bukatar abin kwatance, kamar ƙwai da jarka, kafin ya zauna a zuciya. Sannan mai magana ya san abin da yake roƙo kafin ya buɗe baki. Injiniyoyin Columbia hoto suke so, amma fallayensu ba su ɗaga wannan roƙo sama ba.

Akwai kuma rabon mai sauraro. Shugaban da ba ya tambayar abin da ke ƙasan shafi, ko wanda fuskarsa ke nuna irin amsar da yake son ji, shi ke koya wa na ƙasa da shi su binne labari maras daɗi a ƙananan baƙaƙe. Sau da yawa fallen da ya cushe ba rashin iya rubutu ne ya haife shi ba, tsoro ne: mai shi ya faɗi gaskiya don kada a zarge shi gobe, ya kuma ɓoye ta don kada a tsawata masa yau.

Kwamitin Gehman ya sa an lissafa abin da zai yiwu da an ɗauki hoton a makon farko. Ana shirya Atlantis don tashi ranar 1 ga Maris. Da an gaggauta aikin dare da rana, zai iya tashi daga 10 ga Fabrairu, mutanen Columbia kuma za su iya tsimin iskar shaƙa har zuwa 15 ga watan. Kwamitin ya ce ceton zai yi wuya kuma yana da haɗari, amma mai yiwuwa ne.

Ranar 7 ga Yuli, 2003, a wata cibiyar bincike da ke San Antonio, masu bincike suka ɗauko irin allon da ke gaban fiffiken kumbo, suka harba masa soso mai nauyin wanda ya ɓalle, da irin gudun da ya zo da shi. Har zuwa lokacin akwai manya a NASA da ke cewa abu maras nauyi kamar soso ba zai iya fasa fiffike ba. Da ƙurar ta lafa, sai ga rami mai faɗin kimanin santimita 40, wanda kan mutum zai shige cikinsa. Waɗanda suka halarta sun ce sai da jama'a suka ja numfashi da ƙarfi. Daga ranar gardamar ta ƙare, wata biyar da kwana shida bayan faɗuwar Columbia.